Zaɓen A-kori-kura Ta Hannu Don Iyali Da Gona: Jagora Ga Manoman Wurno, Rabah Da Goronyo

Manomin da Allah Ya buɗa masa a noman rani, ya sayar da shinkafa ko albasa ko tafarnuwa ya ga kuɗi a hannu, yakan fara tunanin mota. Kuma motar da ta fi shiga ransa ita ce a-kori-kura mai ƙofa huɗu, saboda tana aiki biyu: ta ɗauki maigida da iyali zuwa biki ko asibiti a Sakkwato, ta kuma kai taki da injin ban-ruwa fadama, ta dawo da amfanin gona. Sabuwa dai ta fi ƙarfin yawancin ƙananan manoma, don haka sai ta hannu. A nan ne ake samun riba, a nan ne kuma ake yin asarar da kan kai mutum ga sayar da gona ko shanun huɗa. Wannan bayani ya tattaro abubuwan da ya kamata manomi ko ƙungiyar manoma su sani kafin su miƙa kuɗi.

Ire-iren a-kori-kura da ake samu

Kusan kashi uku ne a kasuwa.

Na farko su ne tsofaffin hannu, wato Peugeot 404 da 504, waɗanda suka daɗe suna jigilar kaya tsakanin kasuwannin ƙauye. Kowane bakanike ya san su, amma kujera ɗaya gare su a gaba, kuma shekaru sun cim musu. Motar kaya ce, ba ta iyali ba.

Na biyu matsakaita: Toyota Hilux, Mitsubishi L200, Nissan Navara da tsohuwar Hardbody, Isuzu D-Max da Ford Ranger. Mai ƙofa huɗu a cikinsu tana ɗaukar mutum biyar har da direba. Tsawon Hilux mai ƙofa huɗu ya kai kimanin mita 5.3, faɗinta kusan mita 1.8.

Na uku su ne manyan nan 'yan Amurka: Toyota Tundra, Ford F-150, Chevrolet Silverado, Ram 1500 da Nissan Titan. Tsawon Tundra mai ƙofa huɗu ya kai kusan mita 5.8, faɗinta ya ɗan haura mita 2. Cikinsu yalwa kamar ɗaki, kujerar baya ta fi ta Hilux daɗin zama nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa za ka tarar kuɗin Tundra bai kai na Hilux sa'arta ba. Wannan arahar ce ke jan mutane, sai dai tana da dalili.

Girman mota ba shi ne ƙarfin lodi ba

Mutane da dama na ɗauka tunda Tundra ta fi Hilux girma, ta fi ta ɗaukar kaya. Ba haka abin yake ba. An ƙera manyan motocin Amurka ne don jan tirela da tafiya mai laushi a kan kwalta, don haka sifirin ɗinsu na baya yana da taushi. Tundra mai babban ɗaki takan ɗauki abin da bai wuce kilo 600 zuwa 750 ba, alhali Hilux mai ƙofa huɗu takan ɗauki kilo 800 zuwa kusan 1,000, gwargwadon samfuri. Ga 'yan Amurka, ainihin adadin yana rubuce a takardar da aka liƙa a jikin madogarar ƙofar direba. A duba ta.

Abin da ake mantawa shi ne, wannan nauyi ya haɗa da mutanen da ke cikin motar. Bari mu yi lissafi da buhun taki, tunda kowa ya san kilo 50 ne. A ce manya biyar ne a ciki, kowanne kilo 65, ka ga kilo 325 ya tafi ke nan. Motar da aka ƙayyade wa kilo 900 saura mata 575, wato buhu 11 na taki. Wadda aka ƙayyade wa kilo 650 kuwa saura mata 325, buhu 6 kacal. Buhun shanshera ko babban buhun albasa ya fi na taki nauyi, don haka adadin zai ƙara raguwa. In ana son sanin gaskiya, a ɗora buhu ɗaya a sikeli a yi lissafi da shi.

Saboda haka wanda babban aikinsa fitar da buhu talatin ko arba'in na shinkafa daga fadamar Wurno, ko kai albasa kasuwa lodi-lodi, ba a-kori-kura mai ƙofa huɗu yake buƙata ba. Wannan aikin Kanta ne, ko ya saya ko ya yi haya ranar da buƙata ta taso. Tilasta wa ƙaramar mota lodin da ya fi ƙarfinta shi ke karya sifirin, ya lanƙwasa shasi, ya kashe birki, ya fasa taya a tsakiyar hanya.

Lissafin mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, shan mai ya zama abu na farko da za a tambaya game da kowace mota. Tundra mai inji V8 mai lita 5.7, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2021, takan yi tafiyar kilomita 6 zuwa 7 da lita ɗaya in tana da lafiya kuma ba lodi. Hilux mai fetur mai inji lita 2.7 takan yi kamar kilomita 8 zuwa 10. Hilux mai gas takan fi haka.

Ɗauki tafiyar kilomita 100 zuwa da dawowa. A kilomita 6 duk lita, Tundra za ta sha kusan lita 17. A kilomita 9 duk lita, Hilux za ta sha lita 11. Bambancin lita 6 ke nan a tafiya ɗaya. In ana irin wannan tafiya sau uku a mako, lita 18 ne a mako, sama da lita 900 a shekara. Ka ninka wannan da farashin lita a gidan man garinku, za ka ga inda arahar da aka yi maka wajen saye ta tafi. A cikin yashi ko taɓo, ko in an kunna sanyi, shan man yana ƙaruwa ga kowacce.

Tankin Tundra yana cin lita 100 ko fiye, na Hilux tsakanin 76 da 80. Bakin mai ma Tundra ta fi sha, kusan lita 8 a duk juye, kuma mara kauri take so, irin wanda ba a kowane shago ake samun na ƙwarai ba. Tayoyinta inci 18 ne ko 20, sun fi na Hilux tsada, kuma mai faci na ƙauye ba lalle ya ajiye irinsu ba.

Fetur ko gas

Injin fetur na Hilux mai suna 2TR shi ya fi yawa a Najeriya, makanikai sun saba da shi, kuma sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel wajen daidaita bugun inji, don haka ba ya buƙatar canji akai-akai. Ga wanda ke zaune nesa da birni, shi ya fi kwanciyar hankali.

A ɓangaren gas akwai tsohon inji 5L, wanda ba shi da gudu amma yana da juriya kuma gyaransa da sauƙi. Sai 2KD da 1KD na Hilux ɗin da aka fara a 2004, da 2GD da 1GD na wadda ta fito a 2015. Waɗannan na baya suna da ƙarfi kuma ba su shan mai, amma nozul ɗinsu ba ya jure gurɓataccen gas. In aka zuba gas ɗin bumburutu mai ruwa ko wanda aka haɗa da kananzir, nozul da famfon mai suna iya lalacewa, kuma gyaransu na da tsada ƙwarai. Injinan 5L da KD bel gare su. In bel ɗin ya tsinke ana tafiya, inji ya tafi. A tambayi ranar da aka canza shi, in ba a samu amsa mai gamsarwa ba, a canza shi da zarar an saya.

Hanyoyinmu da yanayinmu

Kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Achida zuwa Goronyo ba ita ce ke gwada mota ba. Gwajin yana farawa ne in an sauka daga kwalta: hanyoyin cikin fadamar Rima, gefen magudanan ruwa na aikin ban-ruwa da ke ƙarƙashin madatsar Goronyo, gonakin shinkafa na Wurno da Lugu, da yashin hanyoyin ƙauyukan Rabah da Gandi. Daga Yuni zuwa Satumba taɓo ne, da rani kuma rairayi. Babbar mota mai nauyi ta fi saurin nutsewa a taɓo, ta fi wuyar fitarwa in ta kafe, kuma faɗinta na hana ta bin siraran hanyoyin da amalanke da babur suka fitar, balle lungunan cikin tsohon gari.

In har za a shiga fadama da damina, a nemi mai ja da taya huɗu. Kada a yarda da rubutun 4x4 da ke jikin bodi, don sitika ce kowa na iya liƙawa. A leƙa ƙarƙashi a ga akwai aksul mai ja a gaba, sannan a kai ta cikin yashi a sa 4H da 4L a tabbatar suna shiga suna fita. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga Amurka tayoyin baya kawai ke ja. Bayan an saya kuma, kada a riƙa tafiya da 4H a busasshiyar kwalta, yana lalata giya.

Zafi shi ne abu na biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma motar da lagiretonta ya toshe ba za ta kai labari ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri, don haka a nan ana canza ta fiye da yadda littafin mota ya ce.

Daga ina motar ta fito

Tokumbo ita ce wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Yawancin Tundra da F-150 daga Amurka da Kanada suke. Da yawansu an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan sun yi hatsari ko ambaliya ta cinye su, aka gyara aka yi fenti. Waɗanda suka zauna a jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, tsatsa kan cinye shasinsu ta ƙasa, bodi kuwa yana ƙyalli. Tundra ta shekarun 2000 zuwa 2003 har kamfanin ya yi kiranyen ta saboda wannan matsala. Kowace irin wannan mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Da ita ake bincika tarihin motar a intanet, a shafuka irin su Carfax, a kan kuɗi kaɗan. A sa yaro mai ilimin waya ya duba. A kuma lura, agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa: mil 150,000 kimanin kilomita 240,000 ne.

Ta hannu ta gida kuwa ita ce wadda aka yi amfani da ita a nan. Akwai ta gwanjon ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine, akwai ta ɗaiɗaikun mutane. Ta ƙungiyar agaji takan samu sabis a kan lokaci amma ta sha doguwar tafiya. Ta kamfanin gini ko ta yaƙin neman zaɓe ta sha wuya a hannun direbobi barkatai. Ta mutum ɗaya da aka san shi, aka san bakanikensa, ita ta fi sauƙin bincike.

Game da 'yar Kwatano, a sani cewa tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Duk motar da aka ce ta shigo ta Illela ko Kamba, a binciki takardunta da kyau, don kwastam na iya kama ta ko bayan shekaru. Haka kuma a guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Aikin walda ne a wurin da rai ya dogara a kai.

Yadda ake duba mota

Kada a yi cinikin biri a sama: ba a sayen mota a hoton WhatsApp. A je da rana, a je da bakanikenka wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba.

A fara da ƙarƙashi. A shiga rami ko a kwanta da tocila a bi shasi daga gaba har baya. A nemi walda, lanƙwasa, tsagewa, ko sabon baƙin fenti mai kauri da aka shafa don ɓoye tsatsa. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Inda ya ruɓe ba ya ƙara irin ta lafiyayyen ƙarfe. Inji ana iya sauya shi, amma shasin da ya karye aka yi masa walda ba ya komawa daidai. A ƙirga ganyen sifirin na hagu da dama. In an ƙara ganye, alama ce motar ta saba ɗaukar lodin da ya wuce ƙa'ida.

Sai inji. A ce kada a tayar da shi kafin ku iso, a taɓa a ji da sanyi. In aka murɗa makulli kafin a tayar, fitilun gargaɗi na inji da na jakar iska da na birki su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne. A dubi hayaƙi: shuɗi yana nufin inji na ƙona bakin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inji, baƙi kuma matsalar nozul ce ko matatar iska. A buɗe murfin bakin mai. In an ga abu kamar madara, ruwa ya haɗu da mai. Kafin inji ya yi zafi a buɗe lagireto a ga ko yana fitar da kumfa, alamar gaskit ya ƙone. Kada a taɓa buɗe shi da zafi. A tambaya ko an taɓa buɗe injin, a kuma duba salansa ko an cire matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, don cire ta na sa wasu motocin ƙara shan mai. In da hali a kai wa mai na'urar kwamfuta ya jona.

Don gano wadda ambaliya ta ci, a ɗaga kafet, a duba ƙarƙashin kujeru, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe. Busasshen taɓo, tsatsa a ƙusoshin kujera, ko warin ruma duk shaida ne. Irin wannan mota matsalar waya ba ta ƙare mata.

Bodi kuma a bi shi da maganaɗisu a nannaɗe cikin tsumma. Inda bai kama ba an cika da bodi-fila. Amma F-150 daga 2015 bodinta na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi ko kaɗan, kuma ba kowane mai gyaran bodi ne ke iya aikinsa ba.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma a zafin nan namu tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba tana iya fashewa. In duka huɗun na buƙatar canji, a cire kuɗinsu daga farashi. A tabbatar akwai safaya da jak da sifana.

A ƙarshe a tuƙa ta aƙalla rabin awa: a kwalta da gudu, a gargada, a yashi, in da hali da lodi. A saurari kukan aksul na baya, a ji ko giya na fizga ko kuloci na zamewa, a taka birki a ga ko tana ja gefe, a sa ido a kan allurar zafi da sanyi a kunne. Mai motar da ya hana a yi wannan gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Kayan gyara da bakanike

Kafin a saya, a tambayi bakaniken Wurno ko Goronyo ko Rabah: wace mota kake iya gyarawa, kuma kayan wacce ake samu a Sakkwato a yini ɗaya? Kayan Hilux ana samun su a Sakkwato, abin da ya gagara a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan L200 da Navara ma ana samu, ko da yake ba kamar na Hilux ba. Na Ford F-150 da Silverado da Ram kuwa sau da yawa sai Legas, a kasuwar Ladipo, ko a jira daga waje. Motar da ta kwana uku a gareji lokacin girbin tumatir ko albasa ta jawo asarar da ta fi kuɗin gyaran. In dai lalle sai babbar 'yar Amurka, Tundra ta fi sauran sauƙi, saboda injinanta na V8 danginsu ɗaya da na wasu Land Cruiser da Lexus da makanikan birni suka sani.

Takardu

Kada a biya sai an ga waɗannan, kuma lambar shasi da ke jikinsu ta yi daidai da wadda aka buga a jikin motar:

- Takardar biyan kuɗin kwastam. A kai ta ofishin kwastam na Sakkwato a tantance, don ta bogi ta yi yawa.
- Shaidar mallaka da lasisin mota da takardar rabon lamba.
- Takardar lafiyar mota ta jami'an VIO.
- Inshora. Tun Janairu 2023 mafi ƙarancin inshorar motar gida naira 15,000 ne a shekara. Wadda aka sayar maka ƙasa da haka, a yi shakkar ta.
- In ta gwanjo ce, takardar gwanjon da rasit mai sunan ma'aikatar da ta sayar.
- Yarjejeniyar ciniki a rubuce, da sa hannun mai sayarwa da shaidu biyu, da hoton katin shaidarsa.

Hilux na cikin motocin da ɓarayi suka fi nema, don haka a bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta. A biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar, a daidaita la'adar dillali tun kafin a fara ciniki, sannan a yi canjin suna nan da nan. A shari'a ma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani; a tambaye shi a gaban shaidu, a rubuta amsarsa cikin yarjejeniyar.

Lafiyar iyali da tsaro

Wurin zaman mutum biyar ne, kuma bayan a-kori-kura wurin kaya ne. Wanda ke zaune a baya ba abin da ke riƙe shi. Birki ɗaya mai ƙarfi ko faɗawa rami ya isa ya jefar da yaro. In iyalinka sun kai takwas ko goma, a-kori-kura ba za ta ɗauke su ba. Mota mai isassun kujeru ta fi dacewa da su, a bar kaya ga motar haya ko keken ɗaukar kaya. A tabbatar bel ɗin kowace kujera yana aiki, yara ƙanana su zauna a kujerar baya, ba a cinyar wanda ke gaba ba. Maganin feshi da jarkar fetur na injin ban-ruwa kada su shiga cikin ɗaki tare da mutane, kuma kada a haɗa su da kayan abinci.

Halin tsaro a gabashin Sakkwato ba ɓoyayye ba ne. Hilux mai baƙin gilashi ta yi kama da motar jami'an tsaro ko ta manyan mutane, kuma babbar mota mai ƙyalli a ƙaramin ƙauye tana sanar da cewa akwai kuɗi a gidan. Mutane da yawa saboda haka sun gwammace mota mai sauƙin kama wadda ba ta jan ido. A guji fenti kore irin na soja, doka ta hana farar hula amfani da shi. A yi tafiya da rana, a tambayi labarin hanya kafin a tashi. Wannan ma wani dalili ne na fifita lafiyar inji a kan kyan bodi: akwai wuraren da ba a son mota ta mutu.

In ƙungiya ce za ta saya

Ga manomi mai kadada ɗaya ko biyu, mota takan yi kwanaki a ajiye tana cin kuɗin takardu da batir. Ƙungiyar mutum goma sha biyar ko ashirin ta fi iya ba ta aiki. Amma motar tarayya ba ta daɗewa sai da ƙa'ida a rubuce. A yi mata rajista da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. A ɗauki direba ɗaya mai lasisi. A ajiye littafi a cikinta, a riƙa rubuta kowace tafiya da kilomita da man da aka sha. Kowa ya biya kuɗin haya, har shugaba, ko da an yi wa 'yan ƙungiya rangwame. A ware kaso daga kowace haya a asusun gyara wanda ba a taɓawa don wani abu. A tsara layin girbi tun kafin lokaci, a kuma amince cewa mai naƙuda ko mara lafiya yana gaba da kowane lodi. In za a nemi bashi, bankuna marasa ruwa irin su Jaiz suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya. A tambaya ko suna karɓar mota ta hannu da kuma sharuɗɗansu.

Kasafin kuɗi

Kada a zuba duk abin da ke hannu a farashin mota. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don abin da zai biyo baya: juyen bakin mai da na giya da na aksul, matatun mai da iska, birki, wankin lagireto, taya, batir da canjin suna. Kuɗin taki da iri da man ban-ruwa na shekara mai zuwa kada a taɓa su, domin gonar ce za ta ciyar da motar. Mai albasa ya san farashi yakan faɗi lokacin girbi ya tashi a ƙarshen shekara. In zai iya adanawa ya jira, zai shiga kasuwar mota da ƙarfinsa.

A taƙaice, ga yawancin manoman wannan yanki, matsakaiciyar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, mai ja da taya huɗu, mai lafiyayyen shasi da cikakkun takardu, ta fi babbar 'yar Amurka amfani. Babbar ta dace ne da wanda yawancin tafiyarsa a kwalta take, yake da ƙarfin sayen mai, kuma yake da bakanike a birni da ya san ta. In an duba mota uku ko huɗu ba a samu mai lafiya ba, a riƙe kuɗi a ci gaba da haya har a samu. Allah Ya sa a dace, Ya tsare hanya.